Kwantacce

Maigidana ya rasu da damina, a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Baduku ne, yana da rumfa a Kasuwar Kurmi inda yake ɗinka jaka da kube da takalma. Ranar Talata da la'asar ya dawo ya ce kansa na sara, ranar Asabar da hantsi aka fita da shi. Shekararmu shida da aure, ba mu taɓa haihuwa ba.

A gidan mahaifinsa muke zaune, a Yakasai, can ƙarshen wani lungu da ba ya ɓullewa. Mu uku ne a gidan: ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Shi kaɗai ya rage mata, sauran 'ya'yanta duk sun koma tun suna ƙanana.

Mako uku kafin ya kwanta na gaya masa wata biyu ke nan ban ga al'adata ba. Dama ba mai yawan magana ba ne. Ya dai tashi ya je ya zuba wa akuyar Inna dusa, alhali an riga an ba ta. Washegari na ji shi a ƙofar ɗakin Inna yana gaya mata, murya ƙasa-ƙasa, ita kuma tana cewa ya rufe bakinsa, ba a yi wa irin wannan abu shela.

Na shiga takaba kamar yadda kowace mace take shiga. Aka tsefe mini kai, aka ɗauke kwalli da lalle da turare, aka ba ni zane mai duhu. Inna ta sa mini wata 'yar wuƙa a hannu, ta ce ko bayan gida zan zaga in tafi da ita. Ba na ɗaga murya, ba na leƙa zaure. Wata huɗu da kwana goma aka ce, na kuma ɗauka zan iya.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai na ga jini, kaɗan, ya yi yini biyu ya ɗauke. Inna ta aika aka kira ungozomar unguwarmu, wata tsohuwa mai faɗin hannu da ta karɓi haihuwar maigidana kansa. Ta kwantar da ni a tabarma, ta daddanna marata, ta karkata kai kamar mai sauraren magana daga bayan katanga. Sai ta ce yana nan, bai fita ba. Razanar mutuwar ce ta sa ya kwanta.

A garinmu ba wanda bai san kwantacce ba. Ciki ne da yake shiga, sai wani firgici ko ciwo ya sa ya daina girma, ya yi kwance a jikin uwa, ba ya fita ba ya kuma ƙaruwa, har ranar da Allah Ya tashe shi. Inna ta san wata mata da ta haihu shekara huɗu bayan mijinta ya tafi Makka a ƙasa, aka ce ɗan har yatsun ƙafa na uban ne. Malamai sun ce yana iya kai shekara biyar. Hukuncin kuma a fili yake: mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu.

Saboda haka da wata huɗu da kwana goma suka cika, maƙwabta suka fara tambayar yaushe za a yi wankan fita, Inna ta ce musu da saura. Ba a raba kayan maigidana ba. Aka kulle wuƙaƙensa da basilla da ragowar jar fata a cikin adaka, aka ce sai an ga abin da za a haifa.

Shekarar farko jini bai sake zuwa ba ko sau ɗaya. Cikina bai tashi ba, amma wani lokaci, in na zauna ina kaɗi, nakan ji wani ɗan motsi a gefen hagu ƙasa da cibiya, kamar an taɓa ni da yatsa daga ciki. In na faɗa, Inna takan saki abin da ke hannunta ta taho. Kowace safiya, bayan ta dama kunu, sai ta ɗora tafinta a cikina ta ce, “Malam, barcin ya isa haka, tashi ka ga gari.” Ta jiƙa mini saiwoyi iri-iri. Na sha rubutu har ɗacin tawada ya zauna mini a harshe.

Matan lungunmu sukan shigo ɗiban ruwa a rijiyarmu, ba sa kuma fita sai sun tsokane ta. Wata ta ce wannan ɗa in ya fito da gemunsa zai fito, a tanadi wanzami. Wata ta ce ai ubansa ya biyo, shi ma ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ko da ruwa ya taso. Inna takan yi dariya ta ce su bari, ranar suna ba za ta ba su ko ƙashin rago ba. Dariyar da na ji ta yi ke nan tun rasuwar, kuma a kan wannan zance kaɗai take yin ta.

Ba zan ɗora wa Inna duka ba. Ni ma ina so. Muddin yana kwance a jikina, gani nake maigidana bai gama mutuwa ba. Na yi kuka ranar da aka fita da shi, amma ban yi irin kukan da ake yi wa wanda ba zai dawo ba.

Duniyata ta zama ɗakina, da rumfar tsakar gida, da rijiya, da ɗan abin da katangu huɗu suka bar mana na sama. Na san lokacin da inuwa take taɓa bakin turmi, na san indararon da yake fara zuba in an yi ruwa. Lokacin aikin hajji jirage sukan wuce ta kanmu da ƙara, in ɗaga kai, kafin in gan su da kyau katanga ta tare. In aka yi aure ko suna a unguwa, kiɗan kawai nake ji. Yaran da aka haifa bayan rasuwar maigidana aka fara shigowa da su suna tafiya da ƙafarsu.

A damina ta biyu, wata safiya, jini ya dawo. Ya yi kwana biyar. Na ce a raina ai an ce kwantacce ma yakan zubar da jini jefi-jefi. Wata na zagayowa ya sake zuwa, a kan kwanakinsa daidai, kamar yadda yake yi mini tun ina budurwa. Na uku ma haka.

Ban gaya wa Inna ba. Tsummokarana nakan wanke su a ɗaki cikin ƙwarya, in shanya a bayan gado inda ba ta dubawa. Wannan bai yi wuya ba. Abin da ya yi wuya salla ce. Ni da Inna tare muke salla a rumfa, tabarmata kusa da tata, tun ranar da aka kawo ni gidan. A gida irin namu ba sai mace ta faɗi halin da take ciki ba, rashin ɗaukar butarta ya isa. Don haka na ɗauki buta. Na zaga, na dawo, na wanke hannu da fuska a gabanta, na tsaya a gefenta. Ta ɗaga hannu na ɗaga, ta sunkuya na sunkuya, ta kai goshi ƙasa na kai. Ba niyya, ba karatu, bakina a rufe. Na san haramun ne. Tun ina ƙarama a gidan Baffa, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni bayan iyayena sun rasu, aka koya mini cewa mai jini ba ta tsayawa salla. Kwana biyar a kowane wata ina yi wa Allah ƙarya da jikina, sau biyar a yini.

Daga baya abin ya bi ni har cikin kwanakin tsarki. In na kabbarta, sai in ji karatun yana fita daga bakina kawai, ba ya zuwa ko'ina. Na daina roƙon komai bayan sallama. Kunya nake ji.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka sa a makarantar boko, yana aikin akawu a wani kamfanin gyaɗa a bayan gari. Ranar Lahadi yakan zo a kan kekensa ya kawo mana hatsi da sabulu. Ya daɗe yana haƙuri. Wata Lahadi, bayan sun gaisa da Inna, ya ce yana neman izini ya kai ni asibiti a duba. Inna ta ce mai takaba ba ta yawo. Ya ce ba yawo ba ne, lalura ce, da rana za a je da rana za a dawo, ya kuma tambayi malamai sun ce ya halatta. Ya ce in ɗan yana nan ai gara a san lafiyarsa, shekara biyu ba ci ba sha. Inna ta ce ɗan boko bai san ta inda ɗan tayi yake ci ba, amma ta yarda, don ta tabbata abin da za a ce.

Ranar ta zo muka fita. Lungun da na sani ƙunci ne da shi sai na ga ya yi mini faɗi. An kafa famfo a bakin hanya, mata da 'yan garuwa sun yi layi, ban taɓa jin labarinsa ba. Na ja mayafi na rufe fuska, wuƙata a hannu a ƙarƙashinsa.

Wata Baturiya ce ta duba ni, da wata mata Bahaushiya da take yi mata tafinta. Ta daddanna cikina kusan yadda ungozoma ta yi. Ta ɗora wani abu kamar ƙaramin kakaki, ta kara kunnenta ta daɗe. Ta tambayi al'adata. A nan, a ɗakin da ba wanda ya san ni, na faɗi gaskiya karo na farko: wata biyar a jere. Ta yi magana, tafinta ta ce, “Ta ce babu komai a ciki.”

Na ce a tambaye ta ko gani ta yi. Tafinta ta yi dariya, amma ta tambaya. Baturiyar ba ta yi dariya ba. Ta amsa da tsawo, aka taƙaita mini: ba ta gani da ido ba, amma ta sani, ɗa ba ya wuce wata tara da 'yan makonni, ko dai ya fito ko ya mutu. Sai na sake tambaya: to a can farko, kafin mijina ya rasu, akwai shi? Jinin da na gani bayan sadakar bakwai shi ne ya fita, ko dama ba a taɓa samun sa ba? Ta girgiza kai. Tafinta ta ce, “Wannan ta ce ba ta sani ba. Ta ce yanzu ba mai iya sani.”

A hanyar dawowa Yaya yana tura keke a gefena, yana faɗa, ba da ni ba. Ya ce an ɗaure mace shekara biyu a kan tatsuniya. Ya ce waɗanda suka rubuta shekara biyar ɗin nan ba su taɓa ganin cikin mutum ba. Yaya mai salla ne, bai kuma nufi komai ba sai kwantacce. Amma maganar ta wuce inda ya aje ta. Malaman da suka ce ciki yana kai shekara biyar, ai su ne suka ce mini ana yalwata wa mumini kabarinsa, su ne suka ce za mu sake haɗuwa. Daga baki ɗaya na ji duka. In wannan ba haka yake ba, wanne ne yake haka?

Inna ta saurari Yaya har ya gama. Ta tambaye shi ko Baturiyar ta taɓa haihuwa. Ya ce bai sani ba. Ta ce hannu ta sa, ungozoma ma hannu ta sa, kuma ungozoma ta karɓi haihuwar rabin Yakasai. Ta ce abin da ke barci ina zai yi ƙarar da kakaki zai ji. Yaya ya dube ni yana jira in yi magana. Na sunkuyar da kai. Bai san abin da na faɗa a ɗakin duba ba, ni kuma ban maimaita ba. Ya hau kekensa ya tafi, ya yi Lahadi uku bai zo ba.

Aka ƙara wata uku a haka. Azumi ya zo a ciki, na yi shi duka a gaban Inna, har da kwanakin da ba nawa ba. Na rame. Motsin nan na gefen hagu yana nan yana zuwa, na daina faɗa.

Wata Lahadi da Yaya ya zo na roƙe shi ya gaya wa Baffa ina son ganinsa. Baffa malami ne a Dala, ba babba ba, yana da 'yan ɗalibai manya da suke ɗaukar karatu a zaurensa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na. Ya zo wata safiya da ƙafa, yana dogara sanda, ya yi daidai da Inna ta tafi barkar haihuwa a unguwar gaba. Na shimfiɗa masa buzun maigidana a rumfa. Haƙoransa sun zube, sai ya fito da goro da magogi yana gogawa a tafin hannu.

Na juya masa gefe na gaya masa komai: jinin, da tsummokara, da sallar da ba salla ba. Na zaci zai yi salati ya tashi tsaye. Ya tambaye ni wata nawa, na ce takwas. Ya ce in nemi gafara, kada in sake, azumin kwanakin nan kuma in rama. Ya faɗe shi kamar mai gaya wa mutum hanyar kasuwa.

Na ce, “Baffa, shekara biyar ɗin nan, Allah ne Ya faɗa?”

Ya daɗe yana goga goro. Ya ce, “A'a, Uwata. Malamai ne suka faɗa.”

Ya ce su kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, wasu sun ce biyu, wasu huɗu, wasu biyar, kuma duk inda aka ga sun rarrabu haka, to ba saukar da abin aka yi ba. Daga bakin mata suka ji, ba su da hanyar leƙawa, suna kuma tsoron a kira ɗan halak shege a bisa kuskure, sai suka tsawaita. Ba ƙarya suka yi ba, in ji shi. Ba su sani ba ne, suka zaɓi kuskuren da ba zai zubar da mutuncin mace ba. Ya ce kuma ba su ɓoye ba, kusan duk inda suka gama irin wannan magana sai sun rubuta cewa Allah ne mafi sani, mu ne muke karantawa da sauri mu tsallake wurin.

Akuya ta zo tana shinshina buzun, na kore ta. Sai na faɗi abin da ban taɓa zaton zai fita daga bakina a gaban malami ba. Na ce ni na yarda da kwantacce ne don ina so ya zama gaskiya. Ta yaya zan san ba haka na yarda da sauran ba? Ta yaya zan san maigidana yana wani wuri, ba ƙasa ce kawai ta ci shi ba?

Baffa bai tsawata mini ba. Ya kaɗe hannunsa, ya ce, “Ban taɓa zuwa ba, Uwata. Ban san shi yadda na san buzun nan da nake kai ba.”

Sannan ya ce in raba abu biyun. Kwantacce abin duniya ne, yana da alama, yana da watanni, Allah kuma Ya ba ni ido don irinsa. Wata takwas ina gani ina kau da kai, wannan ba imani ba ne, tsoro ne. Amma abin da ke bayan kabari, hannun ungozoma ba ya kaiwa, kakakin Baturiya ba ya kaiwa. Ya ce matar nan ta yi mini gaskiya da ta ce ba ta san abin da ya kasance a cikina shekara biyu baya ba, ga ni kuwa kwance a gabanta. To wa ke da hannun da zai taɓa can ya dawo ya ce babu? Mai cewa akwai da mai cewa babu, duk ba wanda ya gani. Abin da ya rage shi ne labari, labari kuma mai kawo shi ake dubawa. Ya ce shi tun yana saurayi yake duba wanda ya kawo mana wannan labari, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai same shi da ƙarya ba ko a ƙaramin abu, bai kuma ga abin duniya da ya tara da labarin ba.

Na ce amma ina so ya zama gaskiya, shi ne abin da ke ba ni tsoro.

Ya ce, “Son ki ba ya sa abu ya zama, ba ya kuma hana shi zama. Labarin ma ai ba duka ne mai daɗi ba, akwai hisabi a ciki. Da mu muka ƙaga shi don mu ji sanyi, da mun cire wannan.”

Ba zan ce na gamsu gaba ɗaya ba. Na gaya masa haka. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma akwai asubar da yake tashi ya ji ƙirjinsa fayau, ba komai a ciki. Yakan yi alwala duk da haka.

Da ya fara laluben sandarsa na roƙe shi abin da na kira shi dominsa tun farko: ya jira Inna ya gaya mata. Daga bakin malami za ta karɓa. Ya ce a'a. Ya ce shari'a ba ta ba alƙali wannan magana ba, ba ta ba likita ba, ba ta ba shi ba. Mace aka ba amanar abin da ke cikinta. In na ce akwai, zan zauna har shekara biyar ba mai fitar da ni. In na ce babu, yau ma takabata ta ƙare, ta ma daɗe da ƙarewa. Na raka shi har ƙofar zaure ta ciki, inda iyakata take.

Na ƙara mako uku ina kallon Inna. Ta tsufa a shekara biyun nan, in ta tashi daga kan kujera sai ta dafa bango. Kullum da safe tana zuwa ta ɗora tafin hannunta a cikina. Na sha buɗe baki in rufe.

Jini ya zo ranar wata Laraba da hantsi. Da aka kira azahar Inna ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarmi biyu a rumfa kamar kullum. Ina zaune a ƙofar ɗakina da mazari a hannu. Butata tana bakin rijiya, ban tashi ba. Ta ce, “'Yar nan, an kira fa.”

Na ce, “Inna, ba ni da salla.”

Ta tsaya da mayafi a hannu. Ta ce ba komai, kwantacce yakan yi haka, za ta aika a karɓo rubutu.

Na ce, “Wata tara ke nan, Inna. Kowane wata, ba ya saɓawa. Ɓoye miki na yi. Babu kowa.”

Ta juya gabas ta tayar da salla. Na ga ta daɗe a sujadar ƙarshe fiye da yadda ta saba. Da ta sallame ta naɗe tabarmarta, ta naɗe tawa, ta shiga ɗaki.

Kwana biyar ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Takan zuba mini tuwo ta aje a ƙofa. Ashe lissafa kwanakin take yi. Safiya ta shida na fito na tarar ta hura wuta ta ɗora babbar tukunya, ta kuma aika a kira mai kitso. Ita da kanta ta miƙa hannu ta karɓi wuƙar. Matan lungu suka shigo ɗaya bayan ɗaya, ba mai tsokana a ranar. Na ji tana gaya musu, “Ta ce babu.” Haka ta riƙa faɗa har ƙarshen rayuwarta, ban taɓa jin ta ce babu da bakinta ba.

Da na fito daga wanka da sabon zane, ta dube ni, sai ta zauna a ƙasa nan bakin turmi ta fara kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka fita da ɗanta. Na durƙusa kusa da ita na kama nawa. Matan suka yi ta ba mu haƙuri kamar a ranar aka yi rasuwar. A wurinmu kuwa a ranar aka yi ta.

Yaya ya zo da la'asar ya ɗauki akwatina a bayan keke, muka tafi Dala. Wata 'yar ƙanwar Inna, bazawara, ta dawo gidan ta zauna da ita. Nakan je gaishe ta ranar Juma'a. Duk sanda na shiga, kafin ta dubi fuskata sai ta dubi cikina. Ta rasu kafin shekara biyar ɗin su cika.

Sallar magariba ta ranar da na fita, a tsakar gidan Baffa na yi ta, ni kaɗai. Na yi niyya, na yi karatu a hankali kamar mai koyo. Ban ji wani abu ya sauko mini ba. Da na sallame na ɗaga hannu, karo na farko bayan watanni, na roƙa wa maigidana gafara da yalwar kabari. Sai na tsaya, don akwai saura, ban kuma san da wane suna zan kira shi ba. Ban san ko ya fita da jinin nan na bayan sadakar bakwai ba, ban san ko an taɓa halittarsa ba, ban san mene ne ya yi ta taɓa ni a gefen hagu ba. Ba wanda zan tambaya a duniya.

Na ce, “Ya Allah, in akwai shi, Ka san inda yake. Ka haɗa shi da ubansa.”

Na yi wani aure daga baya, na haifi 'ya'ya, na ga jikoki. Har yau haka nake faɗar ta, ban cire “in” ɗin ba.